Alhaji Alhassan Ɗantata

An haifi Alhassan a Bebeji cikin 1877, a zuriyar Agalawa, fataken da zumunci da amana suka haɗa ayarinsu daga Kano har Gwanja. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, ya rasu ya bar shi yana ƙarami, sai wata baiwa mai suna Tata ta rene shi, dalilin laƙabinsa ke nan. Da goro ya fara fatauci, daga bisani ya shiga cinikin gyaɗa, yana ba dillalansa jari bisa amana irin ta kakanninsa. Da aka buɗe banki a Kano cikin 1929, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya. Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Agusta, 1955.