Takako Doi: Malamar da ta kai lissafin cefane zauren majalisar Japan

'Yan uwa mata da iyalanmu, a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun ware shafi guda domin tarihin wata mace daga nesa. Sunanta Takako Doi, 'yar ƙasar Japan. Ita ce mace ta farko da ta shugabanci babbar jam'iyya a ƙasar, ita ce kuma ta farko da ta zama kakakin majalisar wakilai. Abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne waɗanda suka ɗaga ta har ta kai can: matan gida ne, masu riƙe da kuɗin cefane.

An haife ta ran 30 ga Nuwamba 1928 a Kobe, birnin da ke bakin teku. Mahaifinta likita ne. Tana 'yar shekara 16, a 1945, jiragen Amurka suka yi wa Kobe ruwan bama-bamai, unguwanni suka ƙone ƙurmus, kuma ta gani da idonta. Bayan yaƙi abubuwa suka sauya da sauri. A watan Afrilu 1946 matan Japan suka fara jefa ƙuri'a, mata 39 suka shiga majalisa. Ran 3 ga Mayu 1947 sabon kundin tsarin mulki ya fara aiki. Sashe na 9 ya hana ƙasar ɗaukar yaƙi a matsayin hanyar warware rikici, sashe na 14 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, na 24 kuwa ya daidaita haƙƙin miji da mata a cikin aure.

Wannan kundi shi ya zama abin karatunta, ya zama kuma abin da ta kare har ƙarshen rayuwarta. Ta karanta shari'a a Jami'ar Doshisha da ke Kyoto, daga 1958 kuma ta soma koyar da dokar tsarin mulki a can. Ta yi sama da shekara goma tana riƙe da alli kafin siyasa ta kira ta. A Disamba 1969 ta tsaya takara a jiharta ta Hyogo ƙarƙashin JSP, jam'iyyar masu ra'ayin gurguzu wadda ƙungiyoyin ƙwadago ke mara wa baya, ta ci kujera a majalisar wakilai. Sau 12 ana zaɓen ta.

A majalisa sai ta ɗauko abin da take koyarwa ta auna dokokin ƙasa da shi. A lokacin, ɗa ba ya samun zama ɗan Japan sai ta wajen uba. Idan 'yar Japan ta auri baƙo, ɗan da ta haifa ba ɗan ƙasa ba ne. A tsibirin Okinawa, inda Amurka ke da sansanonin soja, an samu yaran da ba su da ƙasa ko ɗaya, ba ta uwa ba ta uba. Ku duba fa, uwa ta ɗauki ciki wata tara, ta haihu a garin iyayenta, amma doka ta ce ɗanta baƙo ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 Doi ta riƙa tayar da maganar, tana tambayar gwamnati yadda wannan doka ta dace da sashe na 14. An gyara dokar a 1984, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 1985. A shekarar ce kuma Japan ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, wadda Doi ta daɗe tana matsa wa gwamnati a kanta.

A Yuli 1986 jam'iyyarta ta sha mummunan kaye a hannun LDP, jam'iyyar da ke mulki tun 1955. Da gida ya rushe, sai aka miƙa mata shugabanci a watan Satumba. Mun san irin wannan: ba a cika tuna mace ba sai tukunya ta fashe. Ta karɓa dai. Maganarta gajeriya ce, kai tsaye, babu kwana-kwanar da aka saba ji daga 'yan siyasar ƙasar, jama'a kuma suka so hakan.

Damarta ta zo a 1989. A watan Afrilu gwamnati ta sa harajin kashi 3 cikin 100 a kan duk abin da mutum ya saya. Kayan yen 100 ya koma yen 103. A takarda ba wani abu ba ne, amma a Japan yawanci mace ce ke riƙe da albashin gida, ita ke zuwa kanti kullum, ita ke ganin ƙarin a kan shinkafa da madara da kifi. Ana cikin haka ga badaƙalar kamfanin Recruit, wanda ya raba wa manyan 'yan siyasa hannun jari a ɓoye, ga kuma abin kunyar da ya fito game da Firayim Minista Sosuke Uno da wata mace. Talaka na biyan haraji, manya na cin bulus. Ran mata ya ɓaci.

Su ma matan ba a warwatse suke ba. Kobe gida ne ga ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin gama kai na masu saye a duniya, wadda tushenta ya faro tun 1921. A Tokyo kuma, a 1965, wasu matan gida suka haɗa kuɗi suna sayen madara a sari, abin ya girma ya zama ƙungiyar Seikatsu, har ta kai ga tsayar da mambobinta takarar kansila. Wato matan Japan sun riga sun saba da taro, da ajiye lissafi, da bin gida-gida.

Doi ta tsayar da mata takara da yawa, ta zaga ƙasa tana magana a kan harajin. A zaɓen majalisar dattawa na Yuli 1989, cikin kujeru 126 JSP ta ci 46, LDP ta tashi da 36, ta rasa rinjaye a majalisar karo na farko tun kafuwarta. Mata 22 suka ci zaɓe, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. A watan Agusta majalisar dattawa ta zaɓi Doi a matsayin firayim minista, majalisar wakilai ta zaɓi Toshiki Kaifu. Tsarin mulki ya ce idan suka saɓa, ta wakilai ce ke da ta cewa, don haka Kaifu ya hau. A zaɓen 1990 ta kai jam'iyyarta kujeru 136 a majalisar wakilai. To amma harajin bai tafi ba, guguwar ta lafa, kuma bayan rashin nasara a zaɓen ƙananan hukumomi ta sauka a 1991.

A 1993 LDP ta faɗi daga mulki bayan shekara 38, jam'iyyun adawa suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa ƙarƙashin Morihiro Hosokawa. Ran 6 ga Agusta aka zaɓi Doi kakakin majalisa, ta riƙe kujerar har 1996. Wani ƙaramin abu da ta canza ya zauna a zukatan mutane. Bisa al'ada kakaki kan kira 'yan majalisa da laƙabin kun, wanda a waje an fi kiran samari da na ƙasa da shi. Ita sai ta koma kiran kowa da san, laƙabin girmamawa da ya haɗa mace da namiji.

Ƙarshen tafiyar bai yi daɗi ba, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Da ta koma jagorancin jam'iyyar a 1996, an canza mata suna zuwa SDP, yawancin 'ya'yanta kuma sun fice. Ga wata matsala mai nauyi: shekara da shekaru wasu iyalai na kukan cewa Koriya ta Arewa ta sace musu 'ya'ya, jam'iyyar kuwa, saboda ɗasawarta da gwamnatin can, ba ta ɗauki kukan da muhimmanci ba. A Satumba 2002 shugaban Koriya ta Arewa, Kim Jong-il, ya amsa cewa an sace su. Doi ta fito ta nemi gafarar iyalan, amma jama'a ba su manta ba. A zaɓen 2003 jam'iyyar ta tsira da kujeru shida kacal, ta ajiye shugabanci, a 2005 kuma ta rasa kujerarta. Wadda ta saurari iyaye mata a kan takardar 'ya'yansu, ta ji kukansu a kan kuɗin cefane, a wannan karon ba ta saurara da wuri ba, kuma ta biya kuɗin hakan.

Ta rasu ran 20 ga Satumba 2014 a jihar Hyogo, tana da shekara 85, bayan fama da ciwon huhu. Ba ta taɓa aure ba. Jam'iyyarta ta ƙanƙance, harajin da ta yaƙa ya kai kashi 10 a 2019. Amma dokar 1985 tana nan daram: duk 'yar Japan da ta haihu, ko wane ne uban, ɗanta ɗan ƙasa ne. Idan kun gama karantawa, ku miƙa wa 'yan matanmu da ke makaranta wannan shafi su ma su karanta.