Yahuza Makabi: Jarumin da Ya Tsarkake Haikali

Tsakanin Malakai da Matiyu akwai shekaru kusan 400 da yawancinmu ba mu san labarinsu ba. A cikin wannan zamani ne Yahuza Makabi ya rayu, kuma littattafan Makabiyawa na ɗaya da na biyu ne suka adana tarihinsa. Ba sa cikin littattafai 66 da muke karantawa a sujada, amma sun cancanci a karanta su a gida.

A shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, Antiyokus na Huɗu, sarkin Helenawa mai mulki daga Suriya, ya haramta kaciya da kiyaye Asabar, aka ƙone littattafan Attaura, aka kafa bagaden gunki a Haikalin Urushalima. Abin baƙin ciki, wasu manyan Yahudawa sun goyi baya don neman muƙami. Wani tsohon firist mai suna Matatiya, mutumin ƙauyen Modin, ya ƙi miƙa hadayar, ya gudu duwatsu da 'ya'yansa biyar. Da ya rasu a 166, ɗansa Yahuza ya karɓi jagoranci.

Da 'yan mayaƙa kaɗan ya ci rundunonin sarki a Bet-horon da Imuwasu. A ƙarshen 164 ya shiga Haikali, ya tarar ƙofofi a ƙone, ciyayi sun tsiro a farfajiya. Nan ne, a ganina, halinsa ya fi bayyana. Bagaden da aka ƙazantar ya zama musu matsala: ba a iya miƙa hadaya a kansa, ba a kuma iya watsar da shi. Sai suka rushe shi, suka ajiye duwatsun a gefe har ranar da annabi zai zo ya faɗi abin da za a yi da su. Mai nasara da takobi a hannu ya yarda cewa akwai hukuncin da ba nasa ba ne.

Aka yi biki kwana takwas. Shi ne Idin Tsarkakewa da Yahaya 10:22 ya ambata, lokacin da Yesu yake zagawa a shirayin Sulemanu. Yahudawa suna kiransa Hanuka har yau.

Yaƙi bai ƙare ba. A 160, a Elasa, mayaƙansa suka watse daga 3,000 zuwa 800. Ya ƙi ja da baya, aka kashe shi. 'Yan'uwansa Yonatan da Saminu suka binne shi kusa da mahaifinsu a Modin.