Leopold Blaschka: Maƙerin da ya ƙera halittun teku da gilashi

A shekarar 1853 iska ta ɗauke wa wani jirgin ruwa da ke kan hanyar Amurka, ya tsaya cik kusa da tsibiran Azores har kusan mako biyu. Cikin fasinjojin akwai Leopold Blaschka, mai sana'ar gilashi ɗan shekara 31, wanda kwalara ta kashe matarsa a 1850, mahaifinsa kuma ya bi bayanta. Bai da abin yi sai kallon ruwa. Nan ya riƙa ganin wasu halittu marasa ƙashi, masu siffar laima, jikinsu garai-garai ana ganin abin da ke cikinsu, wasu ma suna haske da dare. Ya ɗauki takarda ya yi ta zana su.

An haife shi ranar 27 ga Mayun 1822 a garin Český Dub na yankin Bohemiya, a Jamhuriyar Cek ta yanzu, a gidan da gilashi sana'ar gado ce. Ya koyi ƙirar zinariya da feƙe duwatsu masu daraja, sannan ya koma aikin gidansu: kayan ado da idanun gilashi.

Bayan ya dawo gida ya sake aure, aka haifa masa ɗa, Rudolf, a 1857. Furannin gilashi da yake yi don nishaɗi ne suka fara fito da shi, domin wani basarake, Camille de Rohan, ya gan su ya sa ya yi masa kusan guda 100. Labarin ya kai kunnen Ludwig Reichenbach, shugaban gidan adana halittu na birnin Dresden a Jamus, wanda ke fama da wata matsala da ta addabi duk masu irin aikinsa.

Tsuntsu ana iya feɗe shi a cusa wa fatar auduga ya tsaya kamar mai rai. Ƙashi kuwa ba ya ruɓewa. Amma halittar teku mai laushin jiki, da an jefa ta cikin kwalbar sinadarin adanawa sai launinta ya koɗe, ta yamutse ta zama wani dunƙule a gindin kwalba. Ɗalibi ba zai gane komai ba. A 1863 Reichenbach ya nemi Leopold ya yi masa guda 12 na wasu halittun teku masu kama da furanni. Da aka baje su, sai oda ta fara zuwa daga wasu gidajen adana kaya da jami'o'i, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya koma Dresden.

Kayan aikinsa ba su da yawa: fitila, zugazugin da ake takawa da ƙafa, hantsaki, sanduna da bututun gilashi. Yakan narka gilashin a harshen wuta, ya ja shi, ya hura, ya haɗa sassan da waya da gam, sannan ya yi fenti. Da farko daga zanen littattafan masana yake kwaikwayo, irin su Philip Henry Gosse na Ingila da Ernst Haeckel na Jamus. Daga baya, da Rudolf ya shiga aikin a 1876, sai suka ajiye tankunan ruwan gishiri a gida, ana aiko musu da halittun da ransu daga wurare kamar birnin Naples na Italiya.

Aikin da ya fi ɗaure kai shi ne na halittun da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, waɗanda masana ke kira radiolariya. Kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak da ke yawo a cikin teku, amma tana da ƙwarangwal mai siffar ƙwallo, duk huji-huji kamar rariya, da tsinkaye sun fito ta ko'ina. Su Blaschka suka ƙara musu girma ninkin-ba-ninkin har suka kai a ɗauka a hannu, wani lokaci ƙwallo a cikin ƙwallo, kowane tsinke siriri kamar gashi. Ƙwarangwal ɗin halittar na asali da silika aka yi shi, sinadarin yashi da ake narkawa a yi gilashi. Wato kusan da kayan da aka halicce ta suka sake ƙera ta.

A zamaninsu masu saye ba su ɗauke su a matsayin kayan ƙawa ba. Kayan koyarwa ne, kowanne da lambarsa da farashinsa. Kundin da dillalinsu na Amurka, Henry Ward, ya buga a 1878 yana ɗauke da nau'i 630, kuma Jami'ar Cornell kaɗai ta sayi guda 570 a 1885. Wannan kallon da aka yi musu ya cuce su daga baya. Da ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa ya samu, sai wurare da yawa suka tura su ɗakin ajiya, ƙura ta rufe su, wasu suka farfashe. Na Dresden kuwa bama-baman 1945 ne suka cinye su.

Su kansu sun bar teku tun kafin nan. A 1886 George Lincoln Goodale na Jami'ar Harvard ya je har gida ya roƙe su su yi masa tsirrai, Elizabeth Ware da 'yarta Mary suka ɗauki nauyin kuɗin. A 1890 suka sa hannu cewa Harvard kaɗai za su riƙa yi wa aiki.

Leopold ya rasu ranar 3 ga Yulin 1895 yana da shekara 73. Rudolf ya ci gaba shi kaɗai har 1936, tsirran Harvard suka kai kimanin guda 4,300, ya kuma rasu a 1939. Uban da ɗan ba su taɓa ɗaukar almajiri ba, Rudolf kuma bai haihu ba. Masu gyaran abin da ya rage a Landan da Dublin da Cornell a yau, sai sun bi kowane guda da madubi da gwaje-gwaje kafin su gano irin gam da fentin da aka sa masa.