Nana Asma'u ɗiyar Shehu, uwar 'Yan Taru (1793–1864)

'Yan uwa matasa, kowace shekara ranar 8 ga watan Satumba duniya na bikin yaƙi da jahilci, ranar da hukumar UNESCO ta tsayar tun 1966. Ranar 2 ga Oktoba kuma ta zaman lumana ce, domin tunawa da haihuwar Gandhi na ƙasar Indiya. A nan Nijar muna da 24 ga Afrilu ta sasantawa, da 13 ga Mayu ta mata. To, a cikin tarihinmu akwai baiwar Allah guda wadda duk ranar da aka ɗauko daga cikin waɗannan, sai a tarar tana da rabo a ciki. Ita ce Nana Asma'u, Allah ya jiƙan ta.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen tsallaken iyaka ne. Mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, nan cikin jiharmu ta Tawa, kusa da Galmi. Babban malaminsa kuwa, Malam Jibrilu ɗan Ummaru, a wajajen Madawa ya cika. Lokacin nan babu wata iyaka tsakanin Adar da Gobir da Rima sai ta sarakuna.

An haifi Nana a Degel a 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, amma Shehu bai raɗa mata Husaina ba kamar yadda aka saba, sai ya sa mata sunan Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar. Tana wajen shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma daga nan har faɗuwar Alƙalawa a 1808 ƙuruciyarta ta ƙare cikin ƙaura da yunwa da jana'iza. Duk da haka karatu bai yanke ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci. Ta auri Gidaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Yaƙi ya kwanta, amma ya bar baya da ƙura. Ƙauyuka cike suke da zawarawa da marayu da matan da aka kamo a fagen fama, yawancinsu ba su san ko alif ba. In ciwo ya kama yaro, ko haihuwa ta zo da gardama, gidan bori suke nufa, don nan ne kaɗai ake sauraren kukansu. Hukuma na hannun gidansu Nana, ana iya cewa a bi da bulala. Ita dai ta san wanda aka hana abu da tsiya, ɓoyewa zai yi ya ci gaba.

Sai ta zaɓo dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, kowace aka kira ta jaji. Jaji takan taso da ayarinta, tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su yi tafiyar kwanaki a ƙasa har gidan Nana a Sakkwato ko Wurno. Matan aure masu goyo su zauna gida, karatun ne zai iske su har ɗaki. Wannan ƙungiya ita ce 'Yan Taru. Abin da ya fi burge ni cikin shirin shi ne naɗin jaji: Nana ta kan ba ta malafa ta naɗa mata jan rawani, alhali malafa alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Kun ga dabara. Matar ƙauye ta hango malafar da ta saba girmamawa, ta matso, sai ta iske tauhidi da alwala da hukuncin gado ake koyarwa a ƙarƙashinta.

Da yake ɗalibanta ba su da littafi, sai ta mai da darasi waƙa. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka, don mai daka ko kaɗi ta riƙe su a ka. Akwai ta salihan mata tun daga iyalan Manzon Allah (SAW). Ta mayar da wata waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, wato Tabbat Haƙiƙa, mai jan kunnen masu mulki kan zalunci, a lokacin da masu mulkin 'yan gidansu ne. Ta rubuta marsiyoyi da tarihin jihadi, har da yaƙin Gawakuke na 1836, don ita ba ta ɓoye cewa 'yar zamanin yaƙi ce ba. Rubuce-rubucenta wajen sittin sun iso gare mu da ajami da Larabci. Tsarabar da 'Yan Taru ke kawowa kuwa, zuma da man shanu da hatsi, ga miskinai da marasa lafiya take ƙarewa.

Yau a Babankatami da Buza da Keita, ku ƙirga ƙannenmu mata nawa aka cire daga lakkwal ko makarantar allo kafin su haɗa baƙi da wasali, wai karatun ɗiya mace ɓata lokaci ne. Mai faɗin haka da sunan addini, sai ya fara gaya mana inda zai aje ɗiyar Shehu.

Nana ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗaya, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi ragamar 'Yan Taru, ɗanta Abdulƙadir kuwa ya riga ya hau Wazirci irin na ubansa. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta cikin kundi guda, kuma har gobe mata na zuwa Hubbare ziyara.