Wace ce Theresa ɗin da sunanta ke jikin makarantun Katolika?

Duk wanda ya zauna a kudu, ko a Sabon Ibadan ne, ko Agege, ko Onicha, ya saba ganin allo a ƙofar coci ko makaranta an rubuta St. Theresa. Da yawa cikin waɗannan wurare sunan wata yarinya 'yar Faransa suka ci, Thérèse Martin, wadda ta rasu tana da shekara 24, ba ta taɓa taka Afirka ba. Ni abin da ya ja hankalina a tarihinta shi ne wahalar da ta sha kafin a yarda ta shiga kullen da ita kanta ta nema.

An haife ta ran 2 ga Janairu 1873 a garin Alençon, ita ce autar gidan. Ubanta Louis mai gyaran agogo ne, uwarta Zélie kuma sana'ar saƙar leshi take yi. Dukansu biyu sun taɓa neman shiga zaman zuhudu kafin aure, aka mayar da su. Shi uban, rashin iya Latin ne ya kayar da shi. Uwar ta rasu a 1877, iyalin suka koma Lisieux. A nan akwai gidan sistocin Karmel.

Su fa ba irin sistocin da muke gani a asibiti da makaranta ba ne. Wadda ta shiga Karmel ta shiga ke nan. Ba aure, ba fita, ba cin nama, yawancin yini shiru da addu'a da aikin hannu. In dangi sun zo ziyara, sai dai a gaisa ta bayan tagar ƙarfe. Yayarta Pauline, wadda ta zame mata uwa, ta shiga a 1882, Marie ta bi ta a 1886.

A Mayun 1887, tana da shekara 14, ta gaya wa ubanta ita ma can ta nufa. Tsoho ya amince. Kawunta ya ƙi da farko, daga baya ya sakko. Amma Fadan da ke kula da gidan ya kafe sai ta kai 21. A ganina bai yi laifi ba: yarinya ce marainiya, yayyenta biyu suna ciki, wa zai rantse kira ne daga Allah ba kewar 'yan'uwa ba? Ta je gaban Bishop na Bayeux, har da ɗaure gashi sama don a ga kamar ta girma. Bai ba ta amsa ba.

Sai uban ya tafi da ita ziyarar ibada Roma. Ran 20 ga Nuwamba 1887 suka shiga gaban Fafaroma Leo na 13. An gargaɗe su kada kowa ya yi magana, amma da layi ya zo kanta ta durƙusa ta kai kukanta. Fafaroma ya mayar da ita ga shugabanninta, ya bar sauran ga nufin Allah. Ta ƙi tashi, sai da dogarai suka ɗauke ta. Wata guda da ta yi cikin ayarin ya nuna mata Fadoci ma mutane ne masu rauni, daga nan ta ƙudura yi musu addu'a zai zama aikinta. Bishop ya ba da izini a ƙarshen shekara, shugabar gidan ta ƙara mata jiran wata uku, ta shiga ran 9 ga Afrilu 1888 tana da shekara 15.

Ko a ciki, ba a ɗaure mutum rana ɗaya. Akwai zaman gwaji, sannan a sa tufafin, sannan alkawarin har abada. Ana cikin haka ciwon ƙwaƙwalwa ya kama ubanta, a Fabrairun 1889 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Caen, ya yi shekara uku. Mutanen gari suka shiga tsegumi, wai tafiyar 'yar autarsa ce ta zautar da shi. Tana ji, kuma ba ta da ikon zuwa ta duba shi.

Wurin da na fi tsayawa shi ne daren jajibirin alkawarinta a Satumbar 1890. Yarinyar da ta kai ƙara har Roma, sai ga shi tsoro ya rufe ta, ta ga kamar ba ta da wani kira, yaudarar kowa take yi. Ba ta ɓoye ba. Ta kira sistar da ke horar da sababbi ta faɗa mata, ta kuma faɗa wa shugabar gidan, wadda dariya kawai ta yi. Washegari ta ɗauki alkawarin.

Tarin fuka ya bayyana a jikinta a 1896, ya hana ta tafiya gidan Karmel na Hanoi da ta so zuwa. Ta rasu ran 30 ga Satumba 1897. Tarihin rayuwarta da aka umarce ta ta rubuta ya fito a 1898, ya bazu cikin harsuna da yawa. Fafaroma Pius na 11 ya ayyana ta waliyyiya a 1925, a 1927 kuma ya naɗa ta majiɓinciyar aikin mishan, daidai zamanin da 'yan mishan ke ta gina coci-coci da makarantu a kudancin Najeriya suna neman sunan da za su sa musu.