Shotaro Ishinomori: mai zanen da ya ƙirƙiro jarumai biyar masu kala biyar

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a shekarun 1990 ko farkon 2000, a garin da ke da talabijin ko gidan kallon bidiyo, da wuya a ce bai san su ba. Jarumai ne su biyar, kowa da kalar tufafinsa, kowa ya rufe fuska da hular kwano, sun jeru gaban wani dodo suna wurga hannuwa kafin a fara faɗa. Mu muna kiransu Power Rangers, kuma mun ɗauka ƴan Amurka ne. Idan aka tashi daga kallo sai rigima ta kaure tsakaninmu a kan wanda zai zama ja. Har yau ina ganin irin wannan rigima a filin makaranta lokacin shan iska. Amma in ka tambayi yaran, ko ma iyayensu, wa ya fara kawo wannan tsari, ba za ka sami amsa ba. Sunansa Shotaro Ishinomori, mutumin Japan ne, kuma ya mutu tun 1998.

Yaron ƙauye mai son sinima

An haife shi ranar 25 ga Janairu 1938 a wani ƙaramin gari da ake kira Ishinomori, a yankin Miyagi da ke arewa maso gabashin Japan. Sunansa na yanka Shotaro Onodera. Sunan garinsu ne ya ɗauka ya mayar sunan da yake sa wa ayyukansa. Yana da shekara bakwai aka gama yaƙin duniya na biyu, Japan ta sha kashi, biranenta sun ƙone. Wannan abin da ya buɗe ido ya gani bai taɓa barin labaransa ba.

Burinsa na farko shi ne ya zama mai shirya fim. Yakan hau keke ya yi doguwar tafiya zuwa birnin Ishinomaki na bakin teku don kawai ya shiga sinima. Da yake ba shi da na'urar ɗaukar hoto, sai ya koma ga takarda da alƙalami, yana zana labaran da Japanawa ke kira manga, wato labari cikin hotuna jere da juna tare da maganganun mutanen ciki. Yana da yaya mace mai fama da ciwon asma, wadda ba ta cika fita ba. Ita ce mai karatunsa ta farko, ita yake zana wa abin da ya gani a waje.

Tun yana sakandare ya riƙa aika zane-zanensa zuwa mujallar Manga Shonen, har ya yi suna cikin masu karanta ta. A nan Osamu Tezuka, babban mai zanen manga na zamanin, ya lura da hannun yaron, ya kira shi Tokyo ya taya shi aikin Astro Boy. A ƙarshen 1954 mujallar ta fara buga labarinsa na farko, Nikyu Tenshi, alhali bai gama makaranta ba.

Gidan haya na Tokiwa-so

A 1956 ya tattara ya koma Tokyo. Ya kama ɗaki a wani gidan haya na katako mai suna Tokiwa-so, inda Tezuka ya taɓa zama. Gidan ya shiga tarihi saboda samarin da suka zauna cikinsa: akwai Fujio Akatsuka, akwai abokan nan biyu masu sa hannu da sunan Fujiko Fujio, waɗanda daga wajensu Doraemon ya fito. Ɗakunan ƙanana ne, kuɗi babu, amma in aiki ya yi wa ɗaya yawa sauran sukan taru su kama masa. Cikin su duka an san Ishinomori da saurin hannu.

Yayarsa ta biyo shi Tokyo don neman magani, tana zaune tare da shi tana kula da gida. A 1958 ciwon ya tashi, aka kai ta asibiti, ba ta fito ba. Shekarunta ashirin da ƴan kai, shi kuma yana da ashirin. Rashin ya girgiza shi ƙwarai. A 1961 ya ajiye aiki ya yi tafiya ta kusan kwana 70 zuwa ƙasashen waje, a lokacin da fita daga Japan ke da wuya ga talaka. Da ya dawo sai ya tsaya kan manga a matsayin sana'ar rayuwarsa.

Mutum tara daga ƙasashe daban-daban

A 1964 ya fara Cyborg 009, labarin da ya fito da shi sarari. Wata ƙungiyar dillalan makamai mai suna Black Ghost, wadda ribarta ke cikin ci gaban yaƙe-yaƙe, ta sace mutum tara ta yi musu tiyata, ta mayar da su rabi mutum rabi inji don ta sayar da su a matsayin makami. Cikinsu akwai jariri ɗan Rasha, da Ba'amurke, da budurwa Bafaransa, da Bajamushe, da ɗan asalin ƙabilun farko na Amurka, da ɗan Sin, da ɗan Birtaniya, da ɗan Afirka mai suna Pyunma, sai na tara Joe Shimamura daga Japan. Suka tsere, suka juya wa waɗanda suka ƙera su baya.

Kowannensu da baiwarsa guda: wani yana tashi sama, wani yana fesa wuta, budurwar tana ji da gani daga nesa, Pyunma kuma gwani ne a ƙarƙashin ruwa. Babu wanda zai iya cin yaƙin shi kaɗai. Ya kamata a faɗi cewa zanen Pyunma na farko ya bi irin mummunar siffar da ake yi wa baƙar fata a zane-zanen wancan zamani, da leɓɓa masu kauri fiye da kima. Daga baya an sake zana shi da kamannin mutum sosai. Duk da wannan aibi, a labarin kansa Pyunma mayaƙi ne mai hankali, daidai da sauran.

Abubuwa biyu da za su bi Ishinomori har ƙarshen rayuwarsa sun bayyana a nan: ƙungiya maimakon gwarzo guda, da jarumin da ƙarfinsa ya fito daga hannun maƙiyinsa, yana ɗauke da shi kamar tabo.

Daga takarda zuwa talabijin

Kamfanin fim na Toei ya neme shi, ya haɗu da mai shirya shirye-shirye Toru Hirayama. Ranar 3 ga Afrilu 1971 aka fara nuna Kamen Rider, labarin wani saurayi mai suna Takeshi Hongo da ƙungiyar Shocker ta sace ta sauya masa jiki, ya kuɓuce kafin su taɓa ƙwaƙwalwarsa. Ishinomori ya so fuskar jarumin ta zama ƙoƙon kan mutum, aka ce hakan bai dace da shirin yara ba, sai ya koma ga siffar fara mai manyan idanu, bisa babur.

Ana cikin ɗaukar kashi na farko-farko, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Hongo, Hiroshi Fujioka, ya yi hatsari da babur ya karye. Maimakon a kashe shirin, sai aka shigo da jarumi na biyu. Da shi aka fara wannan motsin hannuwa da jarumi ke yi kafin ya rikiɗe, abin da yaran Japan suka kama kwaikwayo a ko'ina. Shirin ya kai kashi 98. Bayan shi Ishinomori ya ƙirƙiro Kikaider a 1972, Inazuman a 1973, da Robocon na barkwanci a 1974.

Ranar da biyar suka jeru

A 1975 wani sauyi tsakanin tashoshin talabijin ya sa tashar NET, wadda yau ake kira TV Asahi, ta rasa Kamen Rider. Tana buƙatar abin da zai maye gurbinsa cikin gaggawa. Ishinomori da Hirayama suka fito da Himitsu Sentai Gorenger, aka fara nuna shi ranar 5 ga Afrilu 1975. A harshen Japan, go na nufin biyar, sentai kuma rundunar yaƙi.

Labarin mai sauƙi ne. Rundunar miyagu ta Black Cross ta kai hari kan sansanoni biyar na wata hukumar tsaro mai suna EAGLE, a kowane sansani mutum ɗaya ya tsira. Waɗannan biyar aka tara, aka ba su tufafin yaƙi: ja, shuɗi, rawaya, ruwan hoda da kore. Ja ne shugaba. Mai ruwan hoda mace ce, Peggy Matsuyama, gwanar bama-bamai, tana faɗa kafaɗa da kafaɗa da maza, ba ta zauna jiran a cece ta ba. Mai rawaya ƙaƙƙarfa ne mai son cin shinkafa da miyar kori. Maɓoyarsu tana ƙarƙashin wani ɗan gidan abinci.

Me ya sa yara suka so shi haka? Da farko, kala. A lokacin talabijin mai kala ta riga ta shiga yawancin gidajen Japan, kuma yaron da bai iya karatu ba yana gane kowane jarumi daga nesa. Na biyu, kowa yana samun nasa. A shirin gwarzo guda, yaro ɗaya ne zai zama jarumi a wasa, sauran su zama miyagu. A nan wuri biyar ne, har da na ƴan mata. Na uku, yadda ake gama faɗan. Makamin ƙarshe na Gorenger ƙwallo ce mai fashewa, wadda sai ta bi ta kan kowannensu kafin ja ya buga ta ga dodon. In ɗaya ya ɓace, makamin bai aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma an nuna wa yaro hakan da ƙwallo ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Ko tsayuwar da suke yi, kowa ya faɗi sunansa ɗaya bayan ɗaya alhali abokin gaba na jira, tana da asali. Ta samo tushe daga kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, inda akwai wani sanannen wasa da ɓarayi biyar ke jeruwa kowa ya gabatar da kansa. Mai sauraron kirarin ƴan dambe ko ƴan kokawa kafin a kama ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Gorenger ya kai kashi 84, ya ƙare a Maris 1977.

Abin da ya bar hannunsa

Shirin da ya biyo baya, JAKQ Dengekitai na 1977, bai samu karɓuwa ba, aka tsayar da shi a kashi 35. Daga nan Ishinomori bai sake jagorantar wannan jerin ba. Toei ta ci gaba ba tare da shi ba. A 1979 ta fito da Battle Fever J, ta ƙara ƙaton mutum-mutumin inji da jaruman ke shiga ciki su tuƙa, dabarar da ta gwada a shirinta na Spider-Man na 1978. Aka sa wa jerin suna Super Sentai, kusan kowace shekara da sabuwar ƙungiya. Shekaru da dama ba a ma lissafa shirye-shiryen Ishinomori biyu cikin jerin ba, sai a shekarun 1990 aka mayar da Gorenger matsayinsa na farko.

Masu kallon tashoshin Faransa sun haɗu da aikinsa tun da wuri. San Ku Kaï, wanda tashar Antenne 2 ta nuna a 1979, daga ƙirƙirarsa yake. Bioman, wanda ya yi tashe a Faransa a shekarun 1980, jikan Gorenger ne duk da ba shi ya tsara shi ba. A 1993 kuma ɗan kasuwa Haim Saban ya ɗauki wuraren faɗa na Zyuranger, shirin Japan na 1992, ya haɗa su da sababbin wuraren da ƴan wasan Amurka suka yi, aka sami Power Rangers. Ma'ana, a yawancin faɗan da muka kalla muna yara, waɗanda ke cikin tufafin nan Japanawa ne, a Japan kuma aka ɗauka.

Shekarun ƙarshe

Ishinomori bai tsaya ga jarumai ba. Ya zana Sabu to Ichi, labarin masu binciken laifi a tsohuwar Japan, da Hotel, kan rayuwar ma'aikatan wani babban otal. A 1986 ya fitar da littafin manga mai bayanin tattalin arzikin Japan, wanda manya suka saya da yawa, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi da sunan Japan Inc. Daga 1989 ya shiga zana tarihin ƙasarsa, aikin da ya kai juzu'i 55. Ra'ayinsa shi ne babu batun da zane ba zai iya ɗauka ba. A tsakiyar shekarun 1980 ne kuma ya gyara rubutun sunansa, domin shekara talatin mutane na karanta shi Ishimori, ba yadda ake kiran garinsu ba.

A farkon shekarun 1990 aka gano yana da wani nau'in cutar sankara. Ya ci gaba da aiki yana jinya. Ya mutu a Tokyo ranar 28 ga Janairu 1998, kwana uku bayan ya cika shekara 60, bai kammala ƙarshen Cyborg 009 da ya daɗe yana shiryawa ba. Ɗansa ne ya ƙarasa shi daga rubuce-rubucen da ya bari. Bayan mutuwarsa kundin Guinness ya amince da shi a matsayin mai zanen da ya fi kowa yawan labaran da aka buga: labari 770 cikin juzu'i 500, sama da shafi 128,000.

A 2001 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Ishinomaki, birnin da yake zuwa kallon sinima a kan keke. Igiyar tsunami ta 11 ga Maris 2011 ta mamaye birnin, ta hallaka dubban mutane, ta lalata benen ƙasa na ginin. Mutanen garin suka gyara shi, aka sake buɗewa a Nuwamba 2012. A titunan da ke kaiwa can daga tashar jirgin ƙasa, mutum-mutumin jarumansa na tsaye a bakin hanya.

A 2025 Gorenger ya cika shekara 50. Yaran da ke rigima a kan wanda zai zama ja a filin makarantarmu ba su san sunan Ishinomori ba, amma sun san dokar wasan da ya bari: ba a farawa sai an cika biyar.