Jean Sibelius: Mawaƙin Finlan da Kiɗansa Ya Shiga Hannun 'Yan Jaz

Gabatarwa

A wannan fitowa na zaɓi in kawo wa masu karatu taƙaitaccen tarihin Jean Sibelius, shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar Finlan. Dalilina shi ne, kamar yawancinmu a wannan sashe, shi ma a makaranta ya ƙware a harshen da ya yi wa hidima, ba a gida ba.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi ranar 8 ga Disamba, 1865, a garin Hämeenlinna, lokacin Finlan tana ƙarƙashin mulkin Rasha. Mahaifinsa likita ne, ya rasu a 1868, ya bar iyali cikin bashi. Harshen Suwidin ake yi a gidansu, amma aka sa shi a makarantar da ke koyarwa da Finlanci. A nan ya fara sanin Kalevala, wato kundin waƙoƙin gargajiya na mutanen ƙasar.

A 1885 ya tafi Helsinki karatun lauya, bai daɗe ba ya watsar ya koma makarantar kiɗa. Burinsa ya zama gwanin gogen Turawa, sai dai ya fara koyo a makare. Bayan ƙaro ilimi a Balin da Biyana, ya haƙura da goge ya rungumi tsara kiɗa.

Ayyukansa

A 1892 ya fitar da Kullervo, wanda ya gina a kan wani labari na Kalevala, kuma a shekarar ya auri Aino Järnefelt. A 1899, lokacin da Rasha ta ƙara matsa wa ƙasar, ya tsara Finlandia. Kiɗan ya zaburar da jama'a ƙwarai, har ta kai ana canza masa suna a wuraren taro don gudun hukuma. Ya kuma tsara manyan kaɗe-kaɗe bakwai da ake kira simfoni, na ƙarshe a 1924.

Rayuwarsa ba ta rasa matsaloli ba. Ya sha fama da bashi da shan giya, kuma a 1908 aka yi masa aiki a maƙogwaro. Bayan Tapiola na 1926 bai sake fitar da babban aiki ba har kusan shekara 30. Simfoni na takwas da duniya ta yi ta jira, ƙona takardunsa ya yi a gidansa mai suna Ainola. Ya rasu ranar 20 ga Satumba, 1957, yana da shekara 91.

Daga babbar ƙungiya zuwa mutum shida

A 1903 ya yi wa wasan kwaikwayon Kuolema, na yayan matarsa Arvid Järnefelt, wani ɗan gajeren kiɗa da ya zama Valse triste. A wasan, wata mata ce ke rawa a mafarki gab da mutuwarta. Sibelius ya sayar da haƙƙin kiɗan da arha, ga shi kuwa ya zagaye duniya, ribar ta tafi aljihun wasu.

A 1965 Wayne Shorter, mai busa saksofon a Amurka, ya sake tsara shi don makaɗan jaz shida: saksofon biyu, kakakin Turawa, fiyano, babban goge da ganguna. Faifan, The Soothsayer, bai fito ba sai 1979. Shorter ya riƙe karin kiɗan da bugunsa na uku-uku. Aikin da tarin masu goge ke yi a asali ya koma bakin masu busa uku, sannan aka buɗe fili kowa ya ƙirƙiri nasa nan take, abin da Sibelius bai tanada ba.

Kammalawa

A ganina wannan aiki ɗan'uwan fassara ne. Mai sake tsara kiɗa dole ya tantance abin da in aka cire shi kiɗan ya mutu, da abin da za a iya sakewa. Wannan ce tambayar da ke gabanmu duk lokacin da malam ya ba mu nassi ya ce mu mayar da shi Hausa.